Tayar Hagu a Ƙafar Dama

"Lafiya lau, angona. Ya gwiwa?"

"Gwiwa ta gode. Ita dai ta kawo ni nan da raina, ba ta juya da ni a hanya ba."

To ka ji gaisuwar jika da kakanta ke nan, ranar Asabar da hantsi, a ƙofar shagon mai taya. Ita jikar nas ce, kullum sai ta yi tafiyar kusan awa guda a mota kafin ta kai asibitin da take aiki. Tun ranar da ta fara riƙe sitiyari kakan ya raɗa mata Walƙiya, don Allah bai yi ta da tafiya a hankali ba. Shi kuwa tsohon, mahaifin babanta ne. Shekara hamsin ya yi yana ɗinkin takalmi da gyaransa, har ido ya fara gajiya ya rage. Ita kuma Mai Basilla take ce masa, saboda babbar allurar nan tasa ta huda fata da ba ya rabuwa da ita.

Abin da ya tara su a nan kuwa, kwana tara da suka wuce ne ta ɗauko shi daga wajen likitan ƙashi, ana ɗan ruwa. Suna zuwa shataletale ta taka birki, mota ta yi kamar ba da ita ake ba. Ta juya da su sau ɗaya da rabi, ta tsaya tana kallon inda suka fito. Allah cikin ikonsa ya tsare, ko ƙwarzane babu. Tsoho ya buɗe ƙofa, ya laluba hularsa, ya ƙarasa gida a ƙasa. Da babanta ya ji, bai ɗaga murya ba. Magana ɗaya ya yi: ba za ta sake fita aiki da motar nan ba sai ranar da tsohon ya yarda ya koma cikinta da ƙafarsa. Kwana tara ke nan tana hawa bas uku kafin ta kai aiki, sau biyu tana makara, shugabarsu har ta fara duba agogo in ta hango ta. Yau dai aka bar ta ta lallaɓo da motar zuwa shagon da ke ƙarshen layinsu. Tsoho ya ce shi a ƙasa zai zo, ya biyo ta da sandarsa.

"Ai da ka shigo da na kawo ka kamar ƙwai," in ji ta.

"Na ga yadda kike ɗaukar ƙwai. Ran nan kaɗa ni kika yi, saura suya."

"Kai ma ka cika tsoro. Juyi ɗaya da rabi ne fa. Yara har layi suke bi a wajen wasa don a juya su haka."

"Ni ban bi layi ba, likita na je gani. Sau huɗu na yi kalmar shahada, ke kina ta kiran babarki."

"Kai Tsoho, ji tsoron Allah. Sau biyu ka yi. Sauran biyun wayyo ne."

Mai tayar, wani dattijo mai ɗan furfura a gemu, ya fito yana goge hannu da tsumma yana dariya. Ya jawo benci. "Baba, bismillah, zauna."

Tsoho ya zauna, ya jingina sanda, ya dube ta. "To amarya, me kika kira ni in yi miki?"

"Ka taya ni zaɓen taya."

"In taya ki taya. Shi kuma wannan in ya kawo kayansa ya ce in taya. Yau kam na shiga uku, taya uku a wuri ɗaya."

"Da ma ka daɗe a ciki, tun ranar da ka aure ni."

Mai taya ya durƙusa gaban motar, ya shafa tayar gaba, ya girgiza kai. Tsoho ya leƙa daga inda yake.

"Wannan ai sanƙo ne."

"Gadonka ta yi."

"Ni shekara saba'in da takwas na yi kafin nawa ya kai haka. Ita shekararta nawa?"

Walƙiya ta yi kamar tana neman wani abu a jaka.

"Da ke nake."

"Wata goma."

"Wata goma! Jariri ma bai fara tafiya ba, ita har ta tsufa ta gama. Me kike ba ta, takardar goge katako?"

Mai taya ya ce, "Ba laifin Malama ba ne duka, Baba. Irin wannan tayar ta masu gudu ce. Robarta laushi gare ta, tana kama kwalta sosai, amma kwaltar ma tana cin ta. Wanda yake fita da ita ranar hutu kawai, sai ta daɗe masa. Wanda kuwa kullum yana kan hanya, safe da yamma, ba ta kai masa shekara."

"Ni dai irinta nake so," in ji Walƙiya. "Ba ku san daɗinta ba ne. In na shiga kwana da ita sai ka ce an shafa mata gam."

"Ran nan gam ɗin yana hutu ne?"

"Ran nan nauyinka ne ya rinjaye ta gefe ɗaya."

"Ni? Ni da in aka yi iska sai an riƙe mini riga?"

"Nauyin zunubin cin amanar matarka. Wa ya gan ka kana gaisawa da mai ba da kati a asibiti har da cire hula?"

"Ita ta san darajar miji. Kujera ta ba ni, ba ta zagaya da ni duniya ba."

Mai taya ya mirgino sabuwa irin wadda take so, baƙa wuluk tana ƙyalli. Tsoho ya ce a matso masa da ita. Ya sa farcen babban yatsa ya danna, ya cire, ya tsaya yana kallon shatar. Ya sunkuya ya shinshina.

"Kana neman ka ji ko ta nuna ne?"

"Yi mini shiru, ina aiki. Wannan cingam ce. Na san irinta. In mai ofis ya zo, wanda daga kafet sai mota, ita nake sa masa a ƙasan takalmi, ya yi ta jin daɗi. Amma mai kai wasiƙa ya zo in sa masa wannan? Wata biyu ya dawo yana zagin iyayena. Ke mai kai wasiƙa ce, kina jin kanki mai ofis."

"To zaɓo mini, sarkin sani."

Tsoho ya miƙe, ya shiga shagon yana dogara sanda, yana ƙwanƙwasa wannan yana danna waccan. Can a lungu ya tsaya kan wata ƙatuwa mai manyan haƙora, ya danna farce, farce ya ƙi shiga. Fuskarsa ta washe.

"Yawwa! Ga taya. Wannan har jikokinki sa gaje ta."

"Wannan ai ta tarakta ce, Tsoho! Asibiti nake zuwa, ba huɗa ba."

"Ai gara ki je da ita. Ko ba komai za ki riƙa isa a matsayin ma'aikaciya, ba a matsayin kaya ba."

Mai taya ya ce, "Baba, wannan ko shiga motar ba za ta yi ba. Kuma mai tauri sosai tana daɗewa, gaskiya ne, amma in ruwa ya sauka ita ma santsi take yi."

Tsoho ya gyaɗa kai. "Wannan haka yake. Na taɓa sa wa wani liman ƙasan takalmi mai tauri, ya fito daga wajen alwala ya zauna ba shiri. Har ya rasu bai sake amsa mini sallama da fara'a ba, Allah ya jiƙansa."

Ya dawo kan benci ya nuna sabuwar mai laushin da sanda. "To kafin mu je ko'ina, kawo mini 'yar'uwarta in ga. Wannan ta hagu ce ko ta dama?"

Wayyo, Walƙiya ta samu abin da take so. Ta yi dariya har da riƙe murfin mota, har mayafinta yana zamewa.

"Hagu ko dama! Mai Basilla, taya ce fa. Zagayayya ce. A ina ka ga babban yatsanta? Ko ka ce a kawo mata igiya mu ɗaure?"

"Duk abin da yake taka ƙasa bibbiyu yana da hagu da dama."

"Don Allah mai taya, ka ji mijina. Shi ya sa ba na fita da shi cikin mutane."

Sai dai mai taya bai yi dariya ba. Sosa ƙeya ya yi. "Malama, wasu fa suna da shi. Irin taki ma tana ciki."

Walƙiya ta daina dariya.

Tsoho ya ɗauki sandarsa. Ya tashi ya nufi motar, ya dafa ta, ya durƙusa a hankali, gwiwa tana ƙara yana salati. Ya sa tafin hannu a kan tayar baya, ya shafa gaba, ya shafa baya. Ya ja jiki zuwa ta gaba, inda ɗan sauran zanen ya rage a gefe, ya shafa. Ya zagaya ɗaya ɓangaren ya yi haka. Sannan ya ɗago.

"Zo nan, amarya. Kawo hannunki. Kin ji zanen nan na baya? Kamar sawun kaza, bakinsa yana kallon gaba. To taɓa na gaba. Ina yake kallo?"

Ta taɓa. Muryarta ta yi ƙasa. "Baya."

"Na baya suna son zuwa asibiti, na gaba suna son komawa gida. Yaya mota ba za ta tsaya a tsakiya tana juyi ba? Ai shawara take yi."

Mai taya ya goge gefen tayar da tsumma, sai ga 'yar kibiya a jikin robar. "Ga ta nan. Inda kibiyar nan ta nuna, nan tayar za ta riƙa juyawa. Zanen shi ke watsa ruwa waje. In aka juya ta, maimakon ta kore ruwan sai ta tara shi a ƙarƙashinta. Gogewa ta yi nata, wannan kuma ya ƙara. Amma Malama, ba a nan aka ɗaura su haka ba. Wa ya musanya miki?"

Ita fa ta sani sarai. Wata huɗu da suka wuce ta ga tayar gaba ta dama tana cinyewa a gefe, wata abokiyar aikinta ta ce mata ai musanya su ake yi su daɗe. Ta tsaya wajen wani mai faci a hanya, ta ce ya mai da ta hagu dama, ta dama hagu. Bawan Allah ya buɗe baki zai yi magana, ta ce masa sauri take yi, ya yi abin da aka sa shi. Yanzu duk ya dawo mata. In wannan magana ta kai kunnen babanta, ba kwana tara ba, motar sai dai ta gan ta a hannun wani.

"Wani mai faci ne," in ji ta.

"Shi ya ga dama ya juya su?" Tsoho ya tambaya.

"To... kusan haka."

"Kusan haka. Ke da shi wa ya fi kusa da hakan?"

"Tsoho, rana tana yi, gwiwarka."

"Gwiwata ta samu lafiya yanzun nan. Shekara hamsin ina sana'a, yara 'yan shekara uku kawai na sani da sa takalmi hagu a dama. Su ma in sun taka sau biyu sai su tsaya su yi kuka. Ke wata huɗu kika yi kina gudu a haka."

"Ni na sa shi," ta ce, kamar mai haɗiyar magani.

"Ban ji ba, kunnen nan ya tsufa."

"Na ce ni na sa shi!"

"Allahu akbar. Kuma wannan ce take yi wa bayin Allah allura. Mai taya, in ka kwanta ciwo aka ce ƙafarka ta hagu za a ɗaure, ka rubuta a jikinta tun daga gida."

Mai taya ya juya baya, kafaɗunsa suna rawa.

Walƙiya ta matso ta tsuguna kusa da kakan, ta kama hannunsa ta taimaka masa ya miƙe, har da kaɗe masa riga.

"Angona. Mijina na kaina. Wa ya kai ka kyau in ka sa farar hular nan?"

"Ɗazu sanƙo ne da ni."

"Sanƙon ilimi ne. Ba sai Baba ya ji wannan ba, ko?"

"Ɗana ne fa. Ni na haife shi. Ban saba ɓoye masa abu ba."

"Sukarin da kake ƙarawa a shayi in ya fita fa? Wa yake gani ya yi shiru?"

Tsoho ya yi tari. "Mai taya, ina muka tsaya? Kawo wata mu gani."

Mai taya ya shiga ciki ya mirgino ta uku. Ya ce ita ma ta masu son mota ta ji hannu ce, tana kama kwana, tana kama birki a ruwa, amma robarta ta fi waccan ƙwari. Ya nuna wata lamba a gefenta, ya ce in lambar nan ta yi sama, tayar ta fi jure hanya, kuma ta wannan ta ninka ta tsohuwar har da ɗori. Ya nuna wata kuma, ya ce wannan ita ke faɗin lokacin da aka yi ta, bana ce, ba ta kwana a sito ba.

"Ni ban san lamba ba," in ji Tsoho. "Matso da ita."

Ya danna farce. Farce ya shiga kaɗan, ya cire, shatar ta cike a hankali. Ya sake dannawa a wani wurin. Ya sa basillarsa a cikin zanen ya auna zurfinsa, ya ɗaga ya duba.

"Kar ka huda mini ita tun ban hau ba."

"Wannan ita ce ta mai kai wasiƙa," ya ce. "Tana ba da kai, ba ta ba da duka. To wannan ina hagunta?"

"Wannan kam ba ta da shi, Baba. Ko ta ina aka ɗaura ta daidai ne. Shi ya sa ma take ƙara daɗewa, don ana iya zagaya da su duka huɗun, gaba ta koma baya, hagu ta koma dama, su cinye tare. In ta yi 'yan watanni ta kawo in juya mata."

Tsoho ya ja baya. "Ba hagu ba dama? Wannan ai ba takalmi ba ne. Safa ce."

"Safa!" Walƙiya ta ce. "Ni za a sa wa mota safa?"

"Ba ta safar, mai taya. Ita ta dace da wadda ba ta san hannun da take cin abinci da shi ba."

"Amma za ta yi gudu?" ta tambayi mai tayar a hankali, don kar tsohon ya ji.

"Na ji!" in ji Tsoho. "Kunnen ya warke."

Mai taya ya ce, "Duk gudun da mai hankali zai yi a kan titi, za ta yi. Abin da waccan ta fi ta da shi, sai a filin tsere za ki gane."

Ta zagaya tayar sau biyu, ta ɗan taka ta da ƙafa, ta leƙa mai laushin nan da take ƙyalli a gefe kamar mai sallama da ƙawa. Sannan ta ce a ɗaura huɗu.

Aka sa jak aka ɗaga mota. Tsoho bai koma benci ba. Yana tsaye kan mai taya, duk notin da aka ɗaure sai ya ce a ƙara, duk tayar da aka ba iska sai ya ƙwanƙwasa ta da sanda ya kasa kunne. Da aka sauke motar, ya zagaya ta, ya zo inda aka jingina tsofaffin huɗun, ya tsaya yana kallonsu kamar mai kallon rago a kasuwa.

"Waɗannan fa, ina za su?"

"Bola," in ji ta.

"Bola! Robar da ta fi kowace laushi a ƙafa? Takalmi nawa ke cikin nan, kin sani? Duk tsofaffin sahun gaba a masallacinmu gwiwa ke damunsu."

"Au, cingam ɗin?"

"A mota cingam ce. A ƙafar tsoho katifa ce."

Ta tsaya ta dube shi, ta riƙe haɓa. "Mai Basilla, tun da ka zo idonka yana kansu ko?"

"Ni taya ki na zo yi. Mai taya mutum aiki kuwa ba ya komawa hannu biyu."

Ta yi dariya, ta ce wa mai taya ya zuba masa su a but, biyun da ba su shiga ba a kujerar baya. Tsoho ya tabbatar an rufe, sannan ya zo ya tsaya a ƙofar gaba, ya buga ta da sanda.

"Buɗe mini. Ba zan bar dukiyata ta tafi da ke ita kaɗai ba."

Ta buɗe masa da sauri. Ya yi bismillah ya shiga, ya ja bel ya ɗaura, ya karanta addu'ar hawa abin hawa tun daga farko har ƙarshe, ya maimaita. Sannan ya ce ta kira masa babanta. Ta danna ta miƙa masa.

"Kai, ni ne. Ga ni a cikin motar. E, da ƙafata na shiga, ba ɗauko ni aka yi ba." Ya saurara. "Me ya same su? Sun goge ne, sun tsufa kamar ubanka." Ya sake saurarawa, ya juyo ya kalle ta ta gefen ido, ya bar ta tana jira har sai da ta haɗa hannu biyu tana roƙo. "Sauran bayanin na masu sana'a ne, ba za ka gane ba. Litinin ta tafi aikinta."

Ya miƙa mata wayar. Bai yi ƙarya ba, Allah ya gani.

"Ka ci, Tsoho," ta ce, tana dariya tana share ido da gefen mayafi. "Wallahi yau ka ci."

"Na sani. Ta da mota. In kin fita daga nan dama za ki yi." Ya kama hannunta ya ɗaga. "Wannan ce."